Tafiyata Illela da Tulu, Karen Bature

A lokacin ina masinja a gidan wani Bature a Sakkwato, wanda muke kira Mai Lofe. Yana da wani kwikwiyo da aka kawo masa daga ƙasarsu, irin manyan karnukan nan masu faɗin kai da zubar da yawu. Sunan da ya sa masa bai zauna a bakina ba, sai na riƙa ce masa Tulu saboda girman kansa. Ni na yi renonsa tun yana shan madara a ƙoƙo, ko da yake ban taɓa barin bakinsa ya kusanci butata ba.

Da ya kai wata bakwai, Mai Lofe ya kira ni ya ce Turawa za su taru a ƙarshen shekara, su jera karnukansu a zaɓi wanda ya fi kyau. Akwai wani likitan dabbobi Bafaranse a Ƙonni da ya san wannan aiki, zai zo kasuwar Illela ranar Lahadi. In kai masa Tulu ya duba. In ya isa nuni, to. In bai isa ba, ya ce ba zai ci gaba da ciyar da kare mai cin naman mutum uku ba, harsashi ɗaya ya ishe shi. Na san ba wasa yake ba, don kuwa haka ya yi wa wani ɗan'uwan Tulu da aka kawo su tare, wanda aka haifa da karkataccen baya.

Laraba: Sakkwato zuwa Kware

Mun tashi ƙarfe biyar saura kwata, bayan sallar asuba, bisa ga agogon aljihun da Bature ya ara mini. Ni a kan doki, Ummaru mai jakai yana korar biyu: ɗaya da guzuri, ɗaya da babban kwando wanda Tulu ke ciki. Umarnin Bature uku ne: kada ya yi tafiyar ƙasa fiye da mil biyu a yini, kada ya haɗu da karnukan gari, kada ya ci abin da ba ni na ba shi ba.

Ƙarfe shida da rabi muka iso bakin gulbi. Kaka ce, ruwa bai gama janyewa ba. Mai jirgi ya leƙa kwando ya ja da baya.

"Wanga mi ne? Ɗan kura?"

"Kare ne. Na Bature."

"To kuɗin ɗan maraƙi za ka biya, don nauyinsu ɗai."

Na biya ban yi gardama ba. Mun isa Kware ƙarfe goma sha biyu da minti goma, mil goma sha uku. Muka sauka a zauren mai gari, shi kuma Tulu aka ce sai bayan danga. Na shimfiɗa masa buhu a inuwa, na zauna daga gefe har ya daina kuka.

Alhamis: Kware zuwa Gwadabawa

Tashi ƙarfe biyar. A hanya na sauke shi ya yi mil biyunsa. Tafiyarsa kamar ta wanda aka ɗaura wa ƙafafun aro: na gaba su tafi, na baya su biyo daga baya. Wannan ya dame ni ƙwarai, don ban sani ba ko girma ne ko aibi.

Ummaru ya ce, "Masinja, kai da ba ka dariya, ga ka kana yi wa kare magana awa ɗanka."

Na ce masa ya kula da jakansa.

A ƙofar Gwadabawa dogarai biyu suka tsayar da mu, na nuna takardar Bature suka ba da hanya. Mun sauka ƙarfe goma sha ɗaya, mil goma sha ɗaya. Na sayi kan akuya a wajen mahauta ahu, wato kwabo ɗaya da rabi, na dafa masa ba gishiri. Mu kuma fura da tuwon gero miyar kuka.

Juma'a: Gwadabawa zuwa rugar Fulani

Mil goma sha biyar, yashi mai yawa, jakai suka gaji. Ƙarfe ɗaya muka sauka kusa da wata ruga. Wata tsohuwa ta kawo mana nono, ta tsaya tana kallon Tulu ta ce ba ta taɓa ganin kare mai fuskar tsoho ba. Shi kuma da ya ga shanu sai ya ɓuya a bayan ƙafafuna. Na ji kunya a madadinsa.

Asabar: Illela

Mun ratsa Amarawa ƙarfe tara, mutane na ta yankan gero. Ƙarfe goma da rabi muka shiga Illela, mil goma sha huɗu. Gari ya fara cika saboda kasuwar gobe: Buzaye da raƙuman gishiri, masunta daga Kalmalo da busasshen kifi, fatake daga ƙasar Faransi.

Na sauka gidan Baba Nomau, shugaban mafarautan garin, abokin marigayi mahaifina. Karnukansa tara ne, sirara, dukansu an yanke musu kan kunnuwa. Na gani da idona, amma ban kawo kome a raina ba.

Da na buɗe kwando sai ya durƙusa ya fara dubawa irin tasu. Da farko ya kama fatar wuya ya ɗaga shi da hannu biyu, Tulu bai yi kuka ba. Na biyu ya buɗe baki ya duba ganɗa, ya ce baƙa ce, alamar zuciya. Na uku ya auna ƙirji da tafin hannu. Na huɗu ya matsa tafin ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, tafiyar fa? Ƙafafun baya ba su bin na gaba."

"Ɗana, kai sadda kana shekara goma sha uku hakanan kaka tahiya. Ƙashi ne ya riga nama. Ba shi wata huɗu. Wanga kare ne, wallahi. Sai dai wanda yar rene shi bai gama aikinai ba."

Na ɗauka abinci yake nufi. Na ji daɗi har na ƙara tuwo.

Lahadi: kasuwa

Ƙarfe bakwai na tafi gaida mai gari in nuna takarda, kamar yadda doka ta ce. Na ɗaure Tulu a gindin aduwa, na gaya wa Baba Nomau umarni ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Ban faɗi na huɗu ba, don babu wanda ya ba ni shi.

Na dawo ƙarfe takwas da kwata. Na iske Tulu kwance yana lasar ƙashi, an yanke kan kunnuwansa biyu kamar faɗin yatsa uku, an shafa toka da man shanu. Baba Nomau yana goge wuƙa yana murmushi.

"Na gama maka shi. Da tun yana wata biyu anka yi, da ya hi. Yanzu in ya kama kura ba ta samun wurin riƙo, ƙaya kuma ba ta tsaga mai kunne."

"Baba, ka kashe shi!"

"Mi? Ga shi yana cin ƙashi."

Na bayyana masa cewa Turawa ba za su karɓi kare mai yankakken kunne a nuni ba, kuma in bai isa nuni ba harsashi ke jiransa. Ya zauna a kan turmi, ya ce shi kare mai daraja kaɗai yake sa wa wuƙa, na banza ko kallonsa ba ya yi. Ya ce, "To su Turawan, in sun jera karnukan, mi suka kamawa?" Na ce ba su kama kome, kallo ne kawai. Ya girgiza kai, ya ce in bar masa Tulu, in koma in ce ya mutu a hanya. Na ce ban taɓa kai wa wanda ya aike ni labarin ƙarya ba. Tulu ya taso ya ɗora kai a gwiwata, jini ya ɓata mini wando, ban ture shi ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya Bafaranse ya iso a kan doki da tafintansa, muka haɗu a gefen kasuwar dabbobi. Shi ma da nasa tsarin. Ya auna tsayi da igiya daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ya duba yadda haƙoran sama suka hau na ƙasa. Ya shafa gadon baya. Ya sa na ja shi gaba da baya sau uku yana kallo a tsugune. A kowanne yana kaɗa kai. Da ya zo kunne sai ya ɗaga hannu sama ya yi wata doguwar magana.

Tafinta, wanda ke kiran ubangidansa Mushe irin na Faransawa, ya ce, "Mushe ya ce wane mahaukaci ne ya yi wannan?"

Baba Nomau, da ya biyo mu da kansa, ya ce, "Ce mai ni ne, kuma tun ba a haihe shi ba nika yi."

Ban san abin da tafinta ya mayar ba. Bafaranse ya rubuta takarda, ya liƙe, ya ba ni.

Litinin zuwa Alhamis: komawa

Mun bi hanyar da muka zo, zango huɗu. Kowace safiya ina wanke kunnuwan da ruwan ɗumi. Baba Nomau ya raka mu har Amarawa, ya ba ni ƙullin magani, ya riƙe kan Tulu ya ce, "Yahe mini, ɗan tsoho." Ummaru bai ƙara yi mini ba'a ba. A tsakanin Gwadabawa da Kware na yi ta shirya abin da zan faɗa, ina jera shi ina sakewa.

Mun shiga Sakkwato Alhamis ƙarfe ɗaya saura minti ashirin. Mai Lofe yana baranda. Ya dubi kunnuwan, fuskarsa ta yi ja. Na ba da labari daga farko har ƙarshe, na ce laifin nawa ne da na bar shi. Ya karanta takarda sau biyu, ya ce da Hausarsa, "Ba nuni. An gama." Ya juya wajen ɗakin da bindiga take.

Na cire hula na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya huɗu. Takarda ta ce tsayi ya yi?"

"Ya yi."

"Haƙori?"

"Ya yi."

"Baya da ƙafafu?"

"Ya ce bai ga kamarsa ba a ƙasar nan."

"To wuƙar tsohon nan kunnen Tulu ta yanka. Ta yanki na 'ya'yan da zai haifa?"

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya cire lofe daga baki, ya dubi kare, kare ya dube shi yana zubar da yawu a kan takalminsa. Daga baya ya ce zai aika a kawo mace. Amma ba ya son ganin waɗannan kunnuwa kowace safiya, in tafi da shi gidana, za a riƙa ba ni namansa daga wajen kuku. Ni kuma wata guda ba zan hau doki ba, duk aike a ƙasa zan je. Na ce na ji, na gode.

Na isa gida la'asar. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wannan kuma baƙon kwana nawa ne?" Na ce ta miƙo mini buhu da tsohuwar ƙwarya, na kafa masa turke a bayan rumbu.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, mu uku da doki da jakai biyu. Na gode wa Ummaru, da mutanen Kware da Gwadabawa da suka sauke mu, da Baba Nomau wanda ya yi abin da ya sani da zuciya ɗaya. Wata gudan nan na yi shi a ƙasa, Tulu yana bina a baya, ban ji nisan ko ɗaya ba.