Janar ɗin da na yi wa karatu a Lyon

Bana shekara goma ke nan da rasuwar Janar, kuma har yau in an tambaye ni me yake a gare ni, sai in yi ta kame-kame.

Ina ɗalibi a birnin Lyon na Faransa, ban jima da zuwa daga Damagaram ba, aka haɗa ni da shi, tsohon janar na sojan Faransa. Idanunsa sun daina gani, ƴarsa tana neman mai karanta masa jarida da tsofaffin takardunsa. Da ya ji inda na fito, sai ya gyara zama ya ce da Hausa, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Ashe tun yana ƙaramin hafsa a yaƙin duniya na biyu ya koyi Hausa a bakin sojojin ƙasarmu da ke ƙarƙashinsa.

Shekara huɗu ina zuwa gidansa. Yakan ɗora yatsa a kan tebur ya nuna mini inda kogi yake, inda tudu yake, inda Jamusawa suka girke bindigoginsu. Dabarar da ta ɗaukaka sunansa ita ce ta wani kogi: ya tura rukuni ɗaya bakin gada don hankalin abokan gaba ya koma can, sauran suka ƙetare ta sama, aka ƙwace garin. Daga nan ya yi ta hawa har ya zama janar.

Wata rana ina karanta takardun sai na kai ga sunayen waɗanda aka tura gadar. Habu, Isufu, Ɗan Tawa, Mamman. Kusan duk namu ne. Sai na dakata da karatun.

Ya ce, "Na ji ka tsaya."

Na ce, "Janar, me ya sa su?"

Ya ce, "Su na fi yarda da su. Na san ba za su gudu ba."

"Sun san ba za su dawo ba?"

"A'a. Ni na sani."

Mako biyu ban je ba. Daga baya na koma, kuma ban san dalili ba. Bai ba ni haƙuri ba, bai kuma kare kansa ba. Sai dai ya jero mini sunayen nan da ka, ya ce in gyara masa inda harshensa ya karkace.

Yanzu ina aiki a garin Bobigny, nan Faransa. Kullum da safe ina wuce mutanenmu sun yi layi a ƙofar ofishin takardun zama, ga kuma sojojin Faransa sun sake komawa Sahel. Nakan tambayi kaina me Janar zai ce da yana raye. Wani lokaci in ga kamar zai ji kunya, wani lokaci in ga taswira kawai zai nema. Wani dattijo ɗan ƙasarmu a unguwar La Goutte d'Or da na ba labarin ya dube ni ya ce, "Kuma ka ci abinci da shi, ɗana?" Na ci, har sau ba adadi.

Abin da ya rage daga gare shi kaɗan ne: garin da ya ƙwato, inda mutane ke zaune lafiya, da kaburburan da ba mai ziyarta, da ni da na yi kuka ranar da aka binne shi. Ban iya ɗora su a ma'auni ɗaya ba.

Kwanan baya ƴata Hadiza, wadda aka haifa a nan, ta tambaye ni ko mutumin kirki ne. Na ce ya yi mini kirki. Ta ce, "Baba, ba wannan na tambaya ba."