Aduwar da Kaka Gaisha Ta Raina da Ruwan Alwala

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakata Gaisha, Allah ya jiƙanta. A lakwal, wato makaranta, ko mushe malaminmu ya kira sunana da ƙyar nake ɗaga murya, amma yau sai na yi magana, domin ɗanta, Kawu Sidi, ya wasa gatari.

Kaka ce ta shuka aduwar da ke tsakar gidanmu. Ƙwallo ɗaya ta tsinto a hanyar Aderbissinat, ta tsotse shi, ta binne a gindin katanga. Ba ta taɓa ɗebo mata ruwa takanas ba. Duk salla dai za ta ɗauki buta ta tsuguna a wurin, abin da ya zuba daga hannunta da fuskarta shi ne rabon itacen. Ragowar butar kuma ta juye a wani fasasshen kasko. Tsuntsayen tsada ke fara sauka su sha, sai kurciyoyi. Bushiya ba ta fitowa sai an yi magariba.

Shekarar da aka raba dashen dogon yaro daga gidan kumandan mai mulkin gari, maƙwabta suka karɓa, suka yi ta jigilar tulu. Kaka ta ce wa mai rabon, "Ɗana, kai wa mai rijiya a ɗaki. Tawa 'yar gida ce, ta san ƙishirwa." Kafin bazara biyu yawancin nasu sun bushe.

Yanzu matar Kawu tana aikin fata. In ta shanya jar fata a tsakar gida, tsuntsaye su ɓata mata. Ba ƙarya take yi ba, na ga tabon da idona. Kawu ya ce ranar Asabar za a sare aduwar. Da Kaka na nan ba za ta yi gardama da kowa ba, buta kawai za ta ɗauka.

Haka na yi. Jiya da azahar na kwance igiyar shanya na mayar bayan ɗaki, inda babu reshe. Na dawo gindin aduwa na yi alwala. Kawu ya fito ya tsaya a kaina.

"Ke 'yar lakwal, gadon Inna kika ci?"

"Akwai ƙwai biyu a reshen can, Kawu," na ce, idona a ƙasa.

Ya juya ya koma ɗaki.

Kayan Kaka duk an raba, har tabarmarta. Abin da ya rage nata shi ne inuwar nan da masu shan ruwa a kaskonta. Gobe ce Asabar, gatari na jingine a zaure. Ni ma butata cike take, a gindin aduwa zan tsuguna. Mai sara sai ya fara cewa in tashi, ni kuwa ba zan tashi ba.