Rigar Inna Mai Hannu Ɗaya

Yayata tela ce, kuma duk wanda ya ce akwai wadda ta fi ta iya yanka a layinmu, to ya zo mu yi ta. Kallo ɗaya take yi wa mace ta san awonta. Amma a gida Guguwa muke ce mata, don ba ta gama abu take kama wani. Shagonta ɗaki ɗaya ne, keken ɗinki a bakin taga, bango kuwa ƙusoshi ne jere, kowace da rigarta: wannan ba wuya, waccan ba aljihu. Har da shuɗiyar rigar Innarmu, wadda ta shekara tara tana jiran hannun hagu.

"Ganganci ne kawai," in ji Inna. "Tun tana ƙarama haka take."

Ranar da wata malamar makaranta ta zo karo na huɗu, ta kwashe yadinta a yanke ta tafi ba ko sallama, Yaya ta lulluɓe keken da zani. Ta ce da ni, "Auta, zan ga likita. In aka ce lafiyata lau, to halina ne, sai in sayar da keken in huta." Wallahi ni ban taɓa sanin Yaya ba keke ba.

Matar da ke neman makullinta sau uku kafin azahar, ita ce ta yi shekara ɗaya da rabi tana bin asibitoci. Likita na farko ya ce damuwa ce, ya ba ta ƙwayar da ta sa ta gyangyaɗi a kan keke. Na biyu dariya ya yi, wai rashin tattara hankali ciwon yara ne. Ji min mutum! Na uku ko kai bai ɗago ba. Sau biyu tana manta ranar ganin likita, sai ta koma ɗinke kwanan watan da jan zare a bakin mayafinta.

Ta huɗu likitar ƙwaƙwalwa ce, dattijuwa mai tabarau. Yaya ta gaji da bayani, ta zazzage mata buhun rigunan nan a kan tebur. Likitar ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Wa ya san ki tun kina 'yar shekara bakwai? Ki zo min da shi."

Inna kuwa da murnarta ta je, a zatonta ƙara za ta kai. Ta gyara zama ta shiga lissafi: aiken da aka manta a hanya, tukunyar da ta ƙone, takalmi ɗaya da aka baro a makaranta, dukan da bai yi amfani ba. Likita tana ta rubutu. Da aka gama sauran gwaje-gwaje ta ce, "Mama, abin da kika lissafa alamomin ciwon rashin tattara hankali ne, manya ma suna yin sa. Ba da gangan take yi ba."

Inna ta gyara mayafinta, ni da Yaya muka raka ta gida.

Maganin ma ba a dace da shi tashi ɗaya ba. Na farko ya hana ta cin abinci, aka rage, aka sake wani. Likitar ta sa aka cire ƙusoshin bango, aka bar ɗaya tak, sauran kaya a akwati a rufe. Har yau Guguwa tana ɓatar da almakashi, amma keken na nan, malamar makarantar ma ta dawo.

Abin da Yaya ta fara ratayawa a ƙusar nan rigar Inna ce. Da ta ɗinka hannun aka kai wa Inna, ta saka, ta ɗan matse ta, don jikin shekarun baya aka auna. Yaya ta ce ta kawo a buɗa. Inna ta riƙe hannun hagun rigar gam.

"Bar ta haka," ta ce. "Dukan da na yi miki, 'yar nan, ki yafe min."