Shamakin Bahaguwa

A saman ƙofar maƙerar Thyge Bjerre, can bayan garin Lemvig inda hanya ke gangarawa bakin teku, akwai allo mai kalmomi uku da farin fenti: Bjerre da Ɗansa. An rubuta su ne a makon da aka haifi Ejvind, tun cibiyarsa ba ta faɗi ba. Yayarsa Oda tana da shekara huɗu a lokacin, ita ce ma ta riƙe wa mai rubutun gwangwanin fenti.

To, ɗan dai ya girma, sai dai ƙira ba ta karɓe shi ba. Hayaƙi ya sa shi tari, tartsatsi ya sa shi tsalle, in an ba shi masaba sai ya riƙe ta kamar wanda aka miƙa wa jaririn wani. Yana cika sha bakwai ya haɗa akwatinsa ya tafi birni ya kama sayar da takalma, kuma a gaskiya ya iya, don bakinsa zuma ne. Allo kuwa ba wanda ya taɓa shi.

Oda ce ta tsaya. Bahaguwa ce, irin wadda malamin makaranta ya sha ɗaure wa hannu a jikin benci don ta koma dama, bai ci nasara ba. Uban bai damu da wannan ba. "Ƙarfe bai san hagu da dama ba, zafi ya sani," in ji shi, ya juya mata uwar maƙera ta fuskanci inda hannunta yake so. Daga zuga wuta ta koma riƙon awartaki, daga nan sai ga ta da masaba tana dukan jan ƙarfe kafaɗa da kafaɗa da shi.

Amma kun san halinmu a nan yammacin ƙasar, ba ma cika baki. Masunci zai dawo jirginsa na neman nutsewa don kifi, ka tambaye shi, ya ce, "Mun ɗan samu na miya." Yabon da ya fi kowane girma a wajenmu kalma biyu ne: ba laifi. Thyge kuwa ya fi kowa riƙo da wannan. Bai taɓa buga sunansa a jikin wani abu da ya ƙera ba, bai kuma bar 'yarsa ta buga nata ba. "Yabon kai jahilci," abin da Oda ta tashi tana ji ke nan safe da yamma, har ya zauna mata a ƙashi.

Da aka gama yaƙin duniya na biyu da 'yan shekaru, motocin noma suka kori dawakai, aikin takalmin doki ya mutu. Sai ga sabon yayi. Mutane suka shiga gina gidaje masu faffaɗan falo guda, ba bango tsakanin wurin cin abinci da wurin zama, sannan matan gidan suka ga ai ba sa son baƙo yana shan kofi yana ƙirga musu kwanukan da ba a kwashe ba. Suna son shamaki, amma wanda haske zai ratsa. Murhun ɗumama ɗaki ma ya zama abin ado, ana nema masa garkuwa mai kyan gani da za ta tare tartsatsi kada ya ƙona darduma. Thyge ya ce shi bai iya wannan wasan yaran ba. Oda ta iya. Siraran sanduna take ja su miƙe kamar ciyawar bakin fadama, ta watsa musu faifan tagulla nan da can, ta shafa wa ƙarfen mai ta ƙona shi har ya yi baƙi wul yana sheƙi. Masu saye su zo su ɗauka, su dubi allo, su ce wa tsohon, "A gaida mana ɗanka." Shi kuma ya ce, "Zai ji."

Wanda ya fi tsaya mata a rai shi ne shamakin gidan likita, na shekarar 1959, mai falle biyar da ake naɗewa. Likitan yana da 'yan tagwaye masu ƙiriniya, matarsa na tsoron kada su ja shi ya datse musu yatsu. Oda ta yi mako uku tana juya abin a kanta, ta ƙera wa gaɓoɓin falle biyu na ƙarshe wani ɗan makulli a ɓoye. Sai ka ɗaga fallen kaɗan, ka murɗa shi hagu, sannan ya saki. In ka ja dama, yadda hannun kowa yake so, ƙara cijewa yake yi. Thyge ya zagaya shi sau biyu, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce, "Ba laifi." Ranar Oda ta kasa cin abincin rana don daɗi.

Shekaru suka tafi, tsohon ya rasu, yayin shamaki ya wuce, Oda ta koma gyaran ƙofofi da kekuna har ƙarfinta ya ja baya. Tana da shekara saba'in da takwas wata yarinya daga birni ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, da tabarau da littafi a hannu. Sunanta Pernille, tana aiki a wani gidan adana kayan fasaha, suna shirin baje kayan ƙarfe na wancan zamanin, sun kuma samo shamakin likita a hannun jikokinsa.

Oda ta dafa kofi ta yanka biredi mai sukari, don ba a tambayar mutum da baki a bushe.

"Madam Bjerre, ke ma kin taɓa shiga maƙerar?" in ji Pernille.

"To, na ɗan riƙe awartaki nan da can," in ji Oda.

Duk mutumin Lemvig da ya ji wannan ya san an gaya masa komai. Yarinyar kuwa ta rubuta a littafinta: 'yar ta ɗan taimaka. Ta sha kofinta ta tafi neman ɗan da ke kan allo.

Ta same shi a birni, ya yi ritaya, yana kiwon furanni a baranda. Ta tambaye shi, shi kuma, a faɗi gaskiya, da farko bai yi ƙarya ba. Cewa ya yi, "Ni? Ai ban yi wani abin kirki a maƙerar nan ba." Sai yarinyar ta yi murmushi, don an gaya mata a makaranta cewa mutanen yammacin ƙasar sukan rage wa kansu, in sun ce ɗaya ka rubuta goma. Ku duba wannan rashin ta ido! Kunyar namiji an ninka ta goma, ta mace an ɗauke ta yadda ta faɗo.

Bayan wata shida takardar gayyata ta iso. Ga hoton shamakin a bangonta, ƙarƙashinsa an rubuta: aikin Ejvind Bjerre, gwanin da ya ɓoye kansa. Oda ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo! Ba yarinyar ce ta fi ba ta haushi ba, zomo ai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ejvind ya ga wannan takarda kafin a buga ta, yana da waya a gidansa, bai kira ta ba. Ga kuma abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya: a hoton, falle uku ne a buɗe, biyu na ƙarshe a naɗe suke kamar tsuntsu mai karyayyen fiffike.

Ta yi kwana uku tana magana da tukunyar kofi. Ta san maganin abin kalma uku ne, ni na yi. Ta gwada su a gaban madubi, suka maƙale mata a wuya kamar ƙayar kifi. Shekara saba'in da takwas ba ta taɓa furta su ba, ko a kan miya. In kuwa ba ta furta ba, to an gama, sunan ƙaninta ne zai zauna a jikin aikinta har bayan ransu duka.

Ranar buɗewa ta sa rigarta ta zuwa coci, ta hau mota ta hau jirgin ƙasa, ta isa da azahar. Zaure ya cika da mutane masu baƙaƙen kaya da kofuna a hannu. Ga shamakin a kan dandamali an kewaye shi da igiya, ga Ejvind a gefensa da sabon laƙataye ɗaure a wuya, kumatu sun yi ja. Pernille tana bayani.

"Ku lura da falle biyun nan da ya bari a naɗe," take cewa. "Mun yi ta ƙoƙarin buɗe su, sai muka gane da gangan ya yi. Yana nuna mana cewa a kowane gida akwai abin da ba a buɗe wa baƙo."

Mutane suka gyaɗa kai, wani mai gemu har da lumshe ido.

"Tirƙashi," in ji Oda, da ƙarfin da ya sa aka waiwayo.

Ejvind ya gan ta, kofin hannunsa ya karkace. "Yaya! Ashe kin samu zuwa."

"Na zo ganin gwanin da ya ɓoye kansa. Ka ɓoye kan naka da kyau kuwa, shekara sittin ina maƙerar ban taɓa cin karo da kai ba."

"Yaya, don Allah, ba nan ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na gaya musu ban yi komai ba, su ne suka ƙi ji."

"Laƙatayen ma su suka ɗaura maka da ƙarfi?"

Wasu suka yi dariya, suna zaton wasan 'yan uwa ne. Pernille ta matso da fara'a. "Madam Bjerre ce, yayarsa. Ita ma ta riƙe musu awartaki a lokacin."

Oda ta dubi Pernille. Ta buɗe baki, kalmomin nan uku suka zo har kan harshe suka koma. Sai ta juya ga ƙaninta.

"To maƙeri, mutane sun taso daga nesa. Buɗe musu sauran biyun mana su gani."

"Ai... sun daɗe, tsatsa ce."

"Tsatsa a ƙarfen da aka ƙona da mai? Ka ji mai sayar da takalma! Taɓa mana, ko kana tsoron tartsatsi har yanzu?"

Ejvind, da ido ya yi masa yawa, ya miƙa hannu ta saman igiya ya ja fallen dama. Ko motsi. Ya ƙara ja har dandamalin ya girgiza, Pernille ta dafe ƙirji.

Oda ta miƙa wa mai gemun nan jakarta. "Riƙe mini, ɗana, ka daina barci a tsaye." Ta tattare riga ta tsallake igiya.

"Madam, ba a taɓawa!"

"Na taɓa shi yana ja zur, 'yar nan, ban ƙone ba."

Ta sa hannun hagu a ƙasan falle na huɗu, ta ɗaga shi kamar faɗin yatsa, ta murɗa hagu. Ƙas! Ya saki, ya buɗe sumul kamar jiya aka ƙera shi. Na biyar ma haka. Sai ga ciyawar ƙarfe ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, faifan tagulla suna hawa daki-daki har na ƙarshe, babba, wanda ya yi shekaru a naɗe ba wanda ya gani.

"Babu wani sirrin gida a ciki," in ji Oda tana haki. "Tagwayen likita ne ba sa ji, aka yi don yatsunsu."

Pernille ta dubi gaɓar, ta dubi hannun tsohuwar mai tabon ƙuna har gwiwa, fuskarta ta yi ja har kunne. "Amma ke kika ce mini awartaki kawai kika riƙe."

"Shi ma ya ce miki bai yi komai ba. Me ya sa nasa kika ƙara masa, nawa kika bar shi a yadda yake?"

Yarinyar ta buɗe littafinta. "Ba zan sake yin zato ba. Ki faɗa mini da bakinki, a gaban mutane, in rubuta. Wa ya ƙera wannan?"

Oda ta dubi Ejvind ko zai ɗauke mata. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa, masu kyau kuwa. Ta ji muryar ubanta a kunne, yabon kai jahilci. To, in haka ne, yau dai za ta yi jahilcin, ta huta.

"Ni na yi," ta ce. Sai ta ɗaga murya ta maimaita. "Ni na yi. Shi da garkuwar murhu biyun can da ke kusurwa, ɗaya ma kun kifa ta, ƙafafunta na kallon sama."

Pernille ta cire katin da ke jikin dandamali, ta juya bayansa, ta rubuta da alƙalaminta: Oda Bjerre, maƙeriya, Lemvig, 1959. Ta nuna mata. Oda ta sa tabarau ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba ƙusa ko ta lanƙwashe.

Ejvind ya matso yana sassauta laƙataye, ya daɗe yana kallon faifan nan na ƙarshe. "Yaya," ya ce, "ba laifi fa."

"Riƙe abinka," in ji Oda, ta karɓi jakarta daga hannun mai gemu. "Wanda ya san ƙarfe ya riga ya faɗa mini. Kai dai Asabar mai zuwa ka zo gida da tsani da fenti, akwai allon da za ka gyara."