Agogon Bulus a Cikin Gwangwani

Jama'a, wallahi abin da zan gaya muku da idona na gan shi, ba ji na yi ba. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jigawa ba, ina aikin allurar shanu a Gumel, ni da abokin aikina Bulus, mutumin Filato, wanda muka shekara tara muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Wani tsohon ma'aikacin safiyo, masu auna filaye, shi ne ya ba ni wata takarda a kasuwar Maigatari, ya ce wasa ne da shi da abokansa suka ƙirƙira suna samari: a bakin wani tafki da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar sun binne gwangwani, duk wanda ya gano shi sai ya ɗauki abu ɗaya ya ajiye ɗaya. Bulus bai so zuwa ba, ni na matsa masa, har ina ce masa matsoraci. Kaico!

Ranar wata Asabar da hantsi, ƙarshen damina, muka jingine babur a wata ruga muka taka da ƙafa, muna zagaya tafkin, taɓo har idon sawu, ƙarangiya na cin mu, muna ƙirga taku daga wata kuka kamar yadda takardar ta ce. Wata dattijuwar Bafulatana da ke wanke ƙwarya ta ɗago ta dube mu ta ce, "'Ya'yan nan, a can ajiyewa ake yi, ba a ɗauka." Muka yi dariya muka wuce.

Wajen azahar muka sami gwangwanin a gindin wani gawo. Na ɓalle murfin da ƙyar. Akwai zobe, tandun kwalli, tsohon makulli, sai agogon hannu da tsatsa ta cinye kamar ya shekara ashirin a ƙasa, amma wallahi yana tafiya. Bulus ya juya bayan agogon, sai ga sunansa a zane, yadda matarsa ta sa aka rubuta masa. Ya dubi hannunsa, wayam. Ni kuwa da safen nan a wannan agogon na tambaye shi lokaci!

"Malam, wasa ka yi mini?" in ji shi.

Na rantse masa da Allah. Na ce ya bar shi a nan, ya ce kayansa ne, ya ɗaura.

Kwana tara bayan haka ya fita da safe ya ce zai sayo burodi. Takalmansa kawai makiyaya suka tsinta a bakin tafkin nan, a jere, a bushe. An shiga ruwan an lalube, ruwan da bai wuce ƙirji ba, babu shi.

'Yan sanda suka tsare ni sati biyu, amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Matarsa, wadda ta yi wa matata jinya a haihuwar fari, ita ta tsaya a ƙofar gidana gaban jama'a ta ce, "Kai ka kai shi. Nawa suka ba ka?" Ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu, har yau ko saƙon gaisuwata ba ta karɓa. Kuma ban ga laifinta ba, don ni na kai shi ɗin.

Ban san me ke wurin nan ba, ban kuma son sani. Ni dai shawarata, in kuna tafiya a daji tsohuwa ta ce muku kada ku taɓa, ku juya. In kuma abokinka ya ce ba ya son zuwa, don Allah ka ƙyale shi.