Malachy Creevy, Mai Tumaki Dubu Ashirin

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Agusta na 1889, da hantsi, wani mahayi ya tsaya a ƙofar gidana ya ce Malachy Creevy ya cika. Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na ba dokinsa ruwa, na koma na ƙarasa wankina.

Jiya a coci limaminmu Fada Lenihan ya yi ta yabonka, Malachy, har muryarsa ta dushe. Ya ce kai ne ka fara kafa bukka a wannan dajin ciyawa na yamma da garin Salto, ka zo da sanda, ka bar tumaki dubu ashirin. Mutane suna ta gyaɗa kai. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka yi abin. Ni Honora, yayar matarka, a kan idona aka yi shi.

Jirgin ruwa ɗaya ya kwaso mu daga ƙasar Ayalan a shekarar yunwa, ni da ƙanwata Delia da kai. Ba zan ci haƙƙinka ba: ka yi aiki. Shekara uku kana haƙa kwalbati a gonakin mutane har tafin hannunka ya zama kamar ƙirgi. Da ka samu garken kiwo, sai ka ga kana bukatar hannu biyu da ba sa neman lada, ka auri Delia.

Fada bai ambaci sunanta ba ko sau ɗaya. Ita ce ta kwaɓa ƙasar bukkar nan da ƙafafunta, ta rataya fatar saniya a madadin ƙofa. Ita ke girki da busasshen kashin tumaki don babu itace ko na sakace. Da ƙazuwa ta shiga garke, ita ta dafa ruwan taba ta wanke su ɗaya bayan ɗaya har fatar hannunta ta saɓule. Shekarar fari kuwa, daga asuba zuwa faɗuwar rana tana jan guga da goyon ɗanku Owen a bayanta, kai kana bisa doki kana nuna mata kwamin da bai cika ba.

Sai ka sayo wani rago daga ƙasar Faransa, ka sa masa suna Janar. Ka yi masa rumfa mai rufin kwano alhali 'ya'yanka na kwana ƙarƙashin ciyawa mai yoyo.

A shekarar 1861 ruwa ya yi kwana tara bai ɗauke ba, kogi ya tumbatsa. Delia tana naƙudar cikinta na uku, kwana biyu abu ya ƙi. Amalanken shanu guda ɗaya gare ku, kuma hanyar gari ba ta riga ta yanke ba. Na iske ka da safe kana ɗaura wa shanun karkiya, na ɗauka ka yi hankali.

Na ce, "Bari in shimfiɗa mata bargo a ciki, kafin azahar mun kai wurin ungozoma."

Ka ce, "Wace ungozoma? Janar zan kai kan tudu, da manyan tumakin."

"Malachy, ka shiga ka dube ta. Leɓenta ya yi fari."

"Haba Yaya, mata na haihuwa tun zamanin Hauwa'u. Ragon nan kuwa shi kaɗai ne irinsa a lardin nan. Ki ba ta shayi, yanzu zan dawo."

Na riƙe igiyar shanun, ka ɓamɓare yatsuna ɗaya ɗaya. Delia ta jiyo mu daga ciki, ta ce, "Ƙyale shi, Yaya, kada ya makara." Har a lokacin tana tausayin ka.

Ta rasu bayan azahar, ita da abin cikinta. Ka dawo da la'asar jiƙe sharkaf, tun daga nesa kana ɗaga murya kana cewa ko tunkiya ɗaya ba ta salwanta ba. Da ka ga na rufe ta, ka cire hula, sannan ka tambaye ni wa zai riƙa tatsar saniya.

Ni na tatse ta. Ni na raini 'ya'yanku Owen da Sabina, ban yi aure ba, ban kuma roƙe ka ko allura ba. Kai kuwa arziki ya yi ta hauhawa. Ka zagaye dajin da shingen waya, ka kori tsoho Eustaquio da iyalinsa daga bakin rafin da kakanninsa suka zauna, mutumin da ya koya maka zama a kan sirdi lokacin da kake faɗowa kamar buhun dankali. Ka gina coci, ka sa aka sassaƙa sunanka a saman ƙofa da haruffan da makaho ma zai iya shafawa ya karanta.

Makon jiya ka aiko a kira ni. Na sa baƙar rigata na hau keken doki, ina cewa a raina watakila tsufa ya yi abin da shekara ashirin da takwas ba su yi ba. Na zauna a bakin gadonka. Ka kama hannuna, ka jawo ni kusa, ka ce, "Yaya, yaron nan Owen yana jin maganarki. Ki ce masa kada ya sayar da ulu kafin Nuwamba."

Na ce zan faɗa masa, na kuwa faɗa.

Da yammacin ranar da ka rasu Owen ya zo, idanunsa jawur. Ya ce, "Inna, Baba ya bar wasiyya a binne shi kusa da Mama. Mun zagaya bayan tsohuwar bukka ba mu ga alama ba. Ke kaɗai kika san wurin."

Gaskiyarsa. Gicciyen katakon da na kafa, tumakinka sun ture shi tun shekarar farko, ba ka kuma taɓa tambaya ba. Ni na san wurin, ko da ido rufe zan je.

Na ce, "Ɗana, uwarka ta yi masa aiki shekara tara ba ta zauna ba. Yanzu ta samu wuri ta kwanta. Ba ni zan kai mata shi ba."

Bai yi mini musu ba. Aka binne ka a gindin cocinka.

Owen, Sabina, da jikoki goma sha ɗaya, ina yi muku ta'aziyya da zuciya ɗaya. Uba uba ne, kukanku halal ne, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku gaji ƙwazonsa ku bar masa sauran. Allah ya jiƙan Delia da jaririn da bai sha iskar duniya ba. Kai kuma Malachy, Allah ya yi maka rahama, don taskarsa ta fi tawa faɗi. Ranar da za ka kira shi cikin matsuwa, ina roƙon kada ya ce maka yanzu zai dawo.