Ranar Da Na Kwance Hannuna A Gaban Alƙali

Ko da duk abin da ya faru da ni a duniya zai goge daga kaina, ranar da na kwance hannuna a kotu za ta rage. Yanzu furfura ta cinye gemuna, amma har yau ina tuna ta kamar jiya aka yi.

Mu mahauta ne a Sakkwato, kuma ɗan mahauci a zamaninmu da wuƙa da dambe yake tashi. Ni kuwa, ba yabon kai ba, Allah ya ba ni hannun dama. In kaka ta yi aka kafa fage, makaɗin gidanmu ya saɓa kalangu ya kaɗa takena, wato kiɗan da ake kirana da shi ni kaɗai, sai in ji ƙasa ta yi mini kaɗan. Ina kewar wannan kiɗa fiye da yadda nake kewar ƙuruciyar kanta.

Lokacin kuɗin mai sun shigo, soja ke mulki, kowa yana son a ga ya yi sabon abu. Wata ƙungiyar wasanni ta tattara mu 'yan dambe ta kai mu sansani, wai za a mai da mu 'yan damben zamani masu safar hannu. Aka ba mu koci, wani tsohon saje wanda bai san bambancin fage da bariki ba. Ɗan damben gargajiya yana ɓoye hannunsa na duka, wanda ake ɗaurewa da zare, a baya, ya tare da na hagu. Shi saje wannan tsayuwa ce ba ya son gani. Duk sanda hannuna ya koma baya, sai ya sauke mini sanda a kansa. Hannun ya kumbura, ya ce in ci gaba da dukan buhun yashi. Ranar da na ji ƙashi ya ce ƙas, ya hana a kai ni asibiti, ya hana in je gida wajen maɗori. Kafin su sallame ni, yatsun sun riga sun ƙandare. Suka ce wai da ciwona na zo.

Ban gaya wa kowa ba. Ɗan dambe ba ya cewa ya ji ciwo, balle ya ce ya ƙare. Na naɗe hannun da ƙyalle na ce hutawa yake yi. Makaɗi ya ci gaba da kaɗa takena, ni kuma in miƙe in zagaya fage in koma in zauna, mutane suna cewa babu wanda ya isa ya fito mini ne.

Akwai wani matashin lauya, ɗan masu sayar da yadi a Ƙofar Rini, da yake sayen nama a wajenmu. Siriri ne, ina yawan tsokanarsa cewa in iska ta taso ya riƙe rumfa. Shi ya lura cewa da hagu nake yanka nama. Ya yi ta zarya yana lallashina har na ba shi labari.

"Mu kai ƙara," in ji shi. "Amma sai ka hwaɗi da bakinka, gaban mutane, hannun ga ya lalace."

Na ce, "Malam, ka san mi kake cewa? Ran da nah hwaɗi haka, kalangu ba ya ƙara kirana."

Ya ce, "Na sani, ɗan'uwa. Amma sauran abokanka suna can, kuma sandar ba ta ɓace ba."

Wannan magana ta hana ni sakat har na yarda. Shi kuwa ya sha wahala. An ja masa kunne cewa ba a ja da mai kaki, an yi ta ɗaga zama, amma bai fasa ba. Sai na daina yi masa tsiyar iska.

Ranar shari'a mahauta suka rufe rumfuna suka cika kotu. Babana yana gaba, makaɗi yana gefensa da kalangu a hammata. Lauyan saje ya miƙe ya ce lafiyata ƙalau, shaida kuwa ita ce har yanzu ana kiɗa ni a fage ina miƙewa. Alƙali ya dube ni ya tambaya ko haka ne.

Na dubi makaɗi, ya sunkuyar da kai. Na dubi lauyana, ya bar mini zaɓi. Sai na sa haƙori na kama bakin ƙyallen, na warware shi a hankali, na ɗaga hannun sama kamar yadda nake yi in na yi kisa a fage, wato na kayar da abokin karawa. Yatsun suna lanƙwashe kamar ƙafar busasshiyar kaza.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun ga ya mutu. Kuma ga wanda yak kashe shi." Na nuna saje.

Na ji babana ya yi salati a hankali. Bai taɓa ganin hannun ba sai ranar.

Kotu ta ba mu gaskiya. Aka raba saje da aikin, abokaina suka koma gida da hannuwansu lafiya. Da muka fito, makaɗi ya tsaya a bakin titi ya kaɗa takena daga farko har ƙarshe, a hankali, ba yadda ya saba ba. Da ya gama ya ce, "Yaro, wanga shi na na ƙarshe. Kuma ba ni ba kowa shi." Ya cika alkawari, har ya rasu bai kaɗa wa wani ba.

Lauyan ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su duka. Har yau in na jiyo kalangu daga nesa sai in tsaya in saurara, kafaɗata ta dama tana motsi, ko da na san ba ni ake kira ba.

Na tashi ina ganin jarumta ita ce ka haɗiye ciwo ka yi dariya. Ranar nan ta koya mini cewa in ka ɓoye ciwo, wanda ya ji maka shi kake karewa. Na kayar da maza da yawa da hannun nan yana ɗaure, amma babban aikin da ya yi, a kwance ya yi shi.